Tsohon Gida da Sabon Titi

Jama'a, darasinmu na yau a kan gida ne. Kowa a cikinmu daga gida ya fito, in an tashi daga aji kuma gida zai koma. Za mu duba abin da ke samun tsofaffin gidaje sa'ad da gari ya girma, har a ke bukatar sababbin tituna da lambatu da kantuna. Birnin Kano za mu ɗauka misali, domin da yawa cikinmu sun taɓa zuwa can, ko cin kasuwa, ko cin rani, ko ziyarar 'yan'uwa. Ku karanta a hankali. Inda kalma ta yi muku wuya, ku tsaya ku tambayi malami.

1. Yadda birni ya girma

Kano tsohon gari ne. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarauta wanda har yau a ke kira Gidan Rumfa.

A da ganuwa ta fi gari girma. A cikinta akwai gidaje, akwai gonaki, akwai makiyaya, don in an kewaye gari da yaƙi mutane su sami abin ci. A 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Dokta Barth, ya zo Kano. Ya ƙiyasta mazaunan birnin kamar mutum 30,000 ne.

Turawa suka ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Cinikin gyada ya buɗe, baƙi suka yi ta zuwa daga ko'ina. A 1967 aka yi Jihar Kano, birnin ya zama hedkwatarta. A ƙidayar 2006 mutanen jihar sun haura miliyan 9, birnin kansa kuwa miliyoyi ne ke kwana a cikinsa. Gonakin cikin ganuwa sun zama gidaje. Gari ya tsallake ganuwa ya yi gabas da yamma, kudu da arewa.

To, ku lura da wannan. Hotoro da Tarauni da Ɗorayi da Sheka, dā duk ƙauyuka ne irin namu, da gonakinsu da rumbunansu. Yau sun zama unguwanni a cikin gari. Saboda haka kada wani ya ce wannan magana ta mutanen birni ce. Birni tafiya ya ke yi, ko ba mu je gare shi ba, shi zai zo ƙofar gidanmu.

2. Abin da unguwa ke bukata

Kada mu yi ƙarya. Tsohuwar unguwa ta na da wahalarta. An yi lungunanta ne don mai ƙafa da mai jaki da mai doki. Wani lungun, mutum biyu ba su jerawa a cikinsa. In gobara ta tashi, motar kashe wuta ba ta da hanyar shiga. In mace ta na naƙuda da dare, sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. In mutum ya rasu, da ƙyar a ke juya makara a wata kwanar.

Akwai kuma maganar ruwa. Inda ba lambatu, ruwan wanka da na wanke-wanke ya kan kwanta a lungu. Sauro ya haihu a ciki, zazzaɓi ya kama yara. Inda masai ya yi kusa da rijiya, ciwon ciki ba ya ƙarewa a gidan.

Don haka mai cewa a buɗe titi, a haƙa lambatu, a jawo famfo, ba maƙiyin unguwa ba ne. Gaskiya ya faɗa. Abin tambaya shi ne: ta ina titin zai bi, me za a rushe, me za a bari, wa kuma za a yi shawara da shi?

3. Abin da ke cikin tsohon gida

Mu duba yadda kakanninmu su ke gini. Da rani a ke yi. Magini ya sa a haƙo ƙasa mai kyau, a zuba ruwa, a cakuɗa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sa'an nan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana ya bushe. A jera shi sahu sahu, tsini na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango ya kan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa ya na hawa.

Rufi da azara a ke yi, watau tsagaggen itacen giginya. Gara ba ta cin azara da sauƙi. Amma azara ba ta ɗaukar nauyi in ɗaki ya fi kamar ƙafa 6 faɗi. To, sai magina suka yi dabara. Su ka riƙa ɗaura azara bisa azara, su na tanƙwaro ta daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya, su lulluɓe ta da ƙasa. Shi ne baka. Da irin wannan a ke yin manyan soraye masu ɗaurin guga, ba ƙarfe ko ɗaya a ciki.

Don kāre bango daga ruwa, a kan yi masa makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuwa a kan shafe shi da laso, wanda a ke haɗawa da katsi na karofi da gashin majema da ruwan dafara. Ku duba hikima: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya yar, su ne magini ya ke nema. A saman soro a kan yi zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Me ya sa soro ke da sanyi? Domin bangonsa kauri gare shi. Zafin rana ya kan daɗe kafin ya ratsa shi. Da tsakar rana ciki na da sanyi. Da dare, musamman da hunturu, sai bango ya saki ɗumin da ya sha. Ɗakin bulo da kwano ba haka ya ke ba. Da bazara ya kan zama kamar tanda, da hunturu kuma kamar randa.

Har wa yau, tsarin gidan ma abin lura ne. Zaure na baƙi da karatun allo da sana'a. Daga nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida inda mata ke aikinsu ba mai leƙensu. A dakalin ƙofa dattawa ke zama da yamma. Nan a ke ɗaura aure, nan a ke raɗa suna, nan a ke karɓar gaisuwar mutuwa. In aka rushe unguwa, maƙwabtan da su ka shekara hamsin tare sai su watse, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma. Ana iya biyan mutum kuɗin bangonsa. Ba a iya biyansa kuɗin maƙwabcinsa.

4. Abin da ke kashe tsofaffin gidaje

Abu biyar ne manya.

Na ɗaya, sakaci. Ginin ƙasa ya na son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. In an bari, sai ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma ta nan ya ke shiga.

Na biyu, ruwan da ba shi da hanya. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini a birni su ne su ka zama kududdufai, su ne kuma ke shanye ruwan sama. Da aka cike da yawa daga cikinsu da shara aka yi gini a kai, sai ruwa ya rasa wurin zuwa, ya koma gindin bangon mutane. A damina ta 1988 an yi ruwa mai yawa a Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa su ka faɗi.

Na uku, gyaran da ba na gwani ba. Wani ya kan shafe bangon ƙasa da siminti ya ce ya huta. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. In siminti ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya jiƙe. Wata rana sai ya zube gaba ɗaya.

Na huɗu, rabon gado. Maigida ya rasu ya bar magada da yawa. Gida ɗaya ba ya rabuwa yadda kowa zai ji daɗi, sai a sayar a raba kuɗi. Mai saye kuwa fili ya ke so, ba soro ba. Ya rushe ya yi kantuna.

Na biyar, faɗaɗa hanya. Wannan bai bar ganuwa da ƙofofinta ba ma. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a wurin. Ganuwa kanta, a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi gini, a wasu wuraren an yi gidaje a kanta.

5. Waɗanda aka tsare

Ba duka aka rasa ba. Gidan Makama, wanda a ke danganta gininsa da zamanin Rumfa, ya na nan kusa da gidan Sarki, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makaranta a 1909, shi ma ya na nan, 'yan makaranta na zuwa kallo. Karofin Ƙofar Mata har yanzu ana rini a cikinsa. Tun 1979 akwai hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da tsofaffin gine-gine.

A ƙasar Nijar, tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hasumiyar masallacinsa ta ƙasa ce, tsawonta mita 27. A garin Dandaji kuma, cikin jihar Tawa, da masallacin Juma'a ya yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba. An gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018. Ga sabo, ga tsoho, kowa na amfaninsa.

Amma mu ji wani labari mai ban tausayi. Babban masallacin Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shekara kusan ɗari biyu ke nan. Masana gini na ƙasashe da yawa sun yaba bakunansa. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, mutane su ka rasu. Allah ya ji ƙansu. Wannan ya nuna mana tsare tsohon gini ba barinsa ba ne kawai a tsaye. Sai an riƙa dubansa, ana gyara. Ran mutum ya fi kowane soro.

6. Misali

Ga wani misali da za mu yi tunani a kai. A ce wani tsoho ne a wata unguwa, ya wayi gari ya ga an shafa jan fenti a bangon zaurensa, an kuma manna takarda. Shi bai iya karatun boko ba. Ya kira ɗansa, wanda ya yi ajin dare.

Ya ce, "Kai, zo ka duba mini wannan. Me su ka rubuta?"

Ɗan ya karanta, ya ce, "Baba, an ce za a buɗe titi da lambatu ta nan. An ce duk mai magana ya kai ta ofis a rubuce kafin wata ya ƙare."

Tsoho ya ce, "Zauren da kakana ya gina? A nan na yi saukar Alƙur'ani, a nan aka raɗa maka suna."

Ɗan ya ce, "Haka ne, Baba. Amma ka tuna bara da wuta ta kama gidan maƙwabcinmu, mota ta kasa shigowa. Titin muna sonsa. Ka bar ni in je wurin mai unguwa."

Mai unguwa ya tara magidanta. Su ka ɗauko igiya su ka auna lungu. Su ka ga a ɗaya hannun akwai kango da juji da wani garejin langa-langa. In titi ya ɗan karkata can, zaure biyu da masallacin unguwa za su tsira, sai katangar gida uku kaɗai za ta shiga ciki. Su ka rubuta takarda, su ka zana taswira, kowa ya sa hannu, aka kai ofis, su ka riƙe kwafi ɗaya.

Ko hukuma ta yarda, ko ba ta yarda ba, wannan ya rage gare ta da ma'aikatanta masu awo. Amma ku lura, da ba mai karatu a gidan, da wata ya ƙare ba wanda ya ce uffan, sai dai su ga mota mai rushe gini a ƙofa. Nan amfanin karatu ya ke.

7. Abin da doka ta ce

A Nijeriya, bisa dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Filayen birni shi ke ba da takardarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Hukuma na da iko ta karɓi fili don amfanin jama'a, kamar titi ko makaranta ko asibiti. Amma sai ta ba da sanarwa, kuma mai wurin na da hakkin diyyar abin da ya gina ko ya shuka a kai.

Saboda haka, mu nemi takardar gidanmu da ta gonarmu tun ba a zo ba. Mu ajiye ta inda gara da ruwa ba su kai. In aka zo ƙidayar ɗakuna da itatuwa don biyan diyya, mu tsaya a yi a gabanmu, mu ma mu rubuta namu lissafin. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba, ko ba a karanta mana ba a gaban shaidu.

8. Abin da za mu yi

Ba kowane tsohon ɗaki ne za a tsare ba. Wanda ya ruɓe har ya zama haɗari, a sauke shi kafin ya faɗa wa yara. Amma mai ƙarfi, ga yadda za mu riƙe shi.

Da an gama girbi, mu zaga gida mu duba bango da rufi. Inda ya tsage, mu toshe. Kafin ruwan fari, mu yi yaɓe, mu share indararo, mu cire ciyawar da ta tsiro a kan soro.

Mu yi wa ruwa hanya. Mu tayar da gindin bango da dakali, kada ruwa ya kwanta a jikinsa. Mu yashe kwata. Kada mu zuba shara a lambatu.

In muna son ƙarin haske da iska, a buɗe taga, a sa waya don sauro. Ana iya jawo famfo da lantarki cikin gidan ƙasa, a gyara masai, ba sai an rushe zaure ba.

In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a yi gayya. Yau gidan wannan, gobe gidan wancan, a fara da na gwauraye da tsofaffi da marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In ana rabon gado, 'yan'uwa su zauna su duba ko ɗaya zai iya biyan sauran rabonsu, gida ya tsaya a hannun dangi.

Mu girmama maginan gargajiya. Waɗanda su ka iya ɗaura baka sun yi ƙaranci. In akwai ɗaya a garinmu, mu ba shi aiki, mu ba shi yaro ya koya. Mu kuma dasa giginya da ɗorawa, don ba azara sai da giginya, ba makuba sai da ɗorawa. Giginya ta kan daɗe kafin ta isa sara. Wanda ya dasa ta yau, jikansa ya dasa wa.

Abu na ƙarshe, tun da Allah ya sa mun fara iya rubutu, kowa ya sami tsohon gidansu ya tambaye shi: wa ya gina gidan nan, a zamanin wane sarki, daga ina kakanninmu su ka zo? Ya rubuta a littafi ya ajiye. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.

Kalmomin da za a rubuta a allo

tubali, azara, makuba, laso, zanko, indararo, zaure, ganuwa, lambatu, diyya, sanarwa, taswira

Tambayoyi

1. Wane sarki ya fara gina ganuwar Kano? Wane ne ya kafa Kasuwar Kurmi?
2. Faɗi ƙauyuka biyu da su ka zama unguwannin Kano.
3. Me ya sa soro ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara?
4. Faɗi abu uku da ke kashe tsohon gida.
5. Me mutanen Dandaji su ka yi da tsohon masallacinsu?
6. In ka ga jan fenti da takarda a bangon gidanka, me za ka fara yi?

Lissafi

1. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An yi Jihar Kano a 1967. Shekara nawa ke tsakani?
2. Mutum ɗaya na mulmula tubali 150 a yini. Mutum 4 za su mulmula nawa a kwana 3?
3. Faɗin lungu ƙafa 8 ne. Ana son titi mai faɗin ƙafa 20. Ƙafa nawa za a ƙara?

Aikin gida

Kowa ya zana taswirar gidansu, ya nuna zaure da ɗakuna da rijiya da hanyar ruwa. Ya rubuta layi biyar a kan wanda ya gina gidan. A zo da shi ranar aji mai zuwa, za mu karanta wa juna.